Muryar da Magani Ya Ara wa Yayana

Masana kiwon lafiya na duniya sun ɓata ƙarnuka suna ƙera na'urorin auna ciwo, na ɗorawa a ƙirji da na ɗaurawa a damtse da na leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Mutanen Birnin Gwari sun kammala wannan ilimi tun kafin a haifi kakana, kuma sun dunƙule shi cikin tambaya guda: “Ya ci abinci?” In aka ce ya ci, to ya warke, saura ƙarfin jiki. In aka ce kunu kawai yake sha, a ci gaba da addu'a. In aka ce ko kunun ba ya karɓa, maza su fara tuna gidan da aka ajiye diga da shebur. Na yi shekara da shekaru ina koya wa yara cewa hujja ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, suka rubuta a jarrabawa, na ba su maki, suka koma gida suka ci gaba da auna majinyata da malmalar tuwo. Ban ga laifinsu ba. Ma'aunin ya daɗe yana faɗin gaskiya. Sau ɗaya na ga ya yi ƙarya, kuma a kan yayana ne.

Yayana manomi ne, ya girme ni da tazarar da ta sa ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba sai ya ce in zauna. Shi ya riƙe garma aka sallame ni na tafi makaranta, saboda haka duk abin da na sani na boko a bayansa na hau na ɗauko. Gonarsa tana bakin daji. Da daji ya koma hannun 'yan bindiga ya bar ta, ya dawo cikin gari ya kama ɗan fili a bayan unguwar Magajin Gari, wanda yake kira “lambun mata” don rainin girmansa. Ban ce barin gonar ne ya taɓa masa zuciya ba. Likita ba ta ce haka ba, ni kuma ba likita ba ne. Na dai san a damina ta biyu bayan dawowarsa takalminsa ya daina shigarsa.

Ƙafafu suka kumbura, in ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna kamar a ɗanyen yumɓu. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa katanga, yana yi kamar ingancin ginin yake dubawa. Barci ya koma a zaune, an tara masa matasan kai a baya, domin da ya miƙe a kwance sai ya ji kamar ana nutsar da shi. Aka kira mai kemis na unguwa, ya rataya leda a ƙusa ya yi masa ƙarin ruwa, domin a wurinmu ƙarin ruwa shi ne sarkin magunguna, har ana auna darajar ciwo da yawan ledojin da ya sha. Mutumin da ruwa ya cika wa jiki aka ƙara wa ruwa. Washegari numfashi ya gagara. Asibitin gari suka yi abin da za su iya, suka ce wannan na Kaduna ne.

A shekarun nan in mutumin garinmu ya ce “Kaduna”, ba garin yake gani a ransa ba, hanyar da ta ratsa daji yake gani. Motoci sukan taru da safe su jira rakiyar sojoji, in an samu. Kowa yakan sa rigarsa mafi tsufa don kada a yi masa kuɗi da tsada in an tare hanya. Ni na cire tabarau da biro na cusa a jakar matar yayana, na zauna ina ƙoƙarin yin kama da wanda bai taɓa karɓar albashi ba, abin da bai ba ni wuya ba. Kafin a tashi ana neman gafarar juna a tasha kamar masu tafiya hajji. Mu uku muka tafi: ni, da shi, da matarsa, wadda muke kira Uwargida ko da yake ita kaɗai ce.

Akwai ta huɗu da ba ta cikin motar, kuma labarin nan nata ne. 'Yarsa ta fari ce, tana aure a Kutemeshi, tana goyon jariri a lokacin. Wanda ya san al'adarmu ya san matsayin ɗan fari: iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna suna son sa, kunya ce. 'Yan yanzu sun sassauta, amma yayana tsohon gini ne. Tun da aka haife ta bai taɓa ambaton sunanta ba. Tana ƙarama “yarinyar nan” ce, da ta yi aure ta zama “ta Kutemeshi”. In ta zo gaishe shi ta durƙusa, yakan amsa yana kallon akuya. In ta tafi kuma ya tambaye ni, yana kallon akuyar dai, ko na lura kamar ta rame. Ni ne baffanta, babu kunya tsakaninmu, a hannuna ta koyi karatu, don haka duk abin da uba da 'ya suke son faɗa wa juna ta kaina yake bi. Na daɗe ina yi musu aikin gidan waya, ba albashi ba fansho.

A babban asibiti a Kaduna aka kwantar da shi a ɗakin masu tsananin ciwo, aka ɗaga kan gadon, aka sa masa iskar numfashi a hanci. Likitar mace ce, mai magana a hankali, Hausarta da ɗan lanƙwasar mutanen kudancin jihar. Kafin ta sa masa komai ta ce a nuna mata duk abin da yake sha.

“Duk, Mama,” ta ce da Uwargida. “Na kemis, na gargajiya, har wanda maƙwabciya ta kawo ta ce kada a faɗa wa likita.”

Uwargida ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Sannan ta kwance ƙulli ta fara fitarwa: ƙwayoyin ciwon jiki, ƙwayar hawan jini da yake sha in ya tuna, sassaƙe a leda, jiƙo a gorar lemo, da ɗan dunƙulen kanwa. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta jera su a tebur, ta ɗaga kowanne ta tambayi tun yaushe. Ta tambaya ko wani magani ya taɓa sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, ko yana da ciwon ƙoda, ko ya taɓa suma. Aka ɗebi jini. Ta ce maganin da za ta sa masa mai ƙarfi ne, ba ya shiri da kowa, gara ta san da wa zai gamu a cikin jini kafin ta tura shi.

Bayaninta, yadda na riƙe shi, shi ne zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Maganin zai sa ta matsa da ƙarfi, ya kuma buɗe hanyoyin jini don aikin ya yi mata sauƙi. Amma ta jijiya ake ba da shi, a asibiti kaɗai, ana kallon bugun zuciya da awon jini ba ƙaƙƙautawa, kuma na ɗan lokaci ne, kwana biyu ko kusa da haka. Fatan shi ne a cikin wannan ɗan lokaci ruwan ya sauka, ƙwayoyin sha su karɓi aikin.

Yayana, da ke jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ya ɗaga yatsa.

“Likita. In yana da kyau haka... me ya sa ba a barin sa?”

“Baba, zuciyar da ta gaji, in aka daɗe ana tura ta bugunta yakan rikice. Abin da ya taimake ka yau zai iya zama shi ne haɗarin jibi.”

Ya rufe ido. “Na gane,” ya ce. “Na taɓa ƙarasa huɗa da tsohon bijimi.”

Likita ta juya ta ce a kawo maganin.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗaura abin awon jini a damtse yana kumbura da kansa lokaci-lokaci, wani allo a saman gado yana zana layi mai tudu da kwari. Maganin kansa kuwa a ido abin raini ne. Sirinji ɗaya aka kwantar a cikin wata na'ura mai kamar ƙaramar rediyo, tana tura shi da hankalin da ido ba ya gani. Ba leda, ba ɗigo.

Uwargida ta yi jinyar uwarta da surukarta da rabin unguwa. Ta san ƙarin ruwa kamar yadda ta san murhunta. Ta san ɗan abin murzawar nan da ke jikin bututu, a buɗe ruwa in ana sauri, a rufe in majinyaci zai yi alwala. Ta zauna ta zuba wa sirinjin ido tun hantsi har azahar, sannan ta matso kusa da ni.

“Malam, abin nan ba ya tafiya.”

“Yana tafiya, Uwargida.”

“Kai da tabarau ɗinka ke cikin jakata ne za ka gaya mini? Tun safe yana nan inda yake. Ko dai ya lalace, ko sun ga mu 'yan ƙauye ne suna yi mana rowa.”

Kafin in amsa ta miƙa hannu tana lalubar jikin na'urar, tana neman abin murzawar da babu. Nas ta taso daga teburinta, ba da gudu ba amma ba a hankali ba, ta kama hannun ta riƙe shi a cikin nata.

“Mama, don Allah. Wannan ba ruwan da kika sani ba ne. Da nauyin jikin Baba da ƙarfin ƙodarsa aka auna shi. In ya shiga da sauri jininsa zai yi ƙasa, zuciya ta rikice a gabanki. In ya tsaya kwatsam, nan ma matsala ce. Ko ƙara kika ji yana yi kada ki danna komai, ni za ki kira.”

“To ni me na zo yi?” in ji Uwargida.

Ba da tsiwa ta faɗa ba. An hana ta ba shi ruwa sai da awo, an hana gishiri, an karɓe kanwa da jiƙo, an ce ko tashi zaune zai yi a yi a hankali don kada jiri ya ɗebe shi. Duk hanyoyin da ta sani na nuna wa mutum ana son sa an toshe su a rana ɗaya.

Nas ta ba ta aiki. Ta ce ta riƙa kallon wurin da allura ta shiga, in ya yi ja ko ya kumbura ko ya ce yana yi masa zafi ta faɗa. Ta riƙa tambayarsa ko kansa na ciwo, ko yana jin jiri, ko ƙirji ya yi masa nauyi, ko zuciya na bugawa kamar an biyo ta. Kuma duk fitsarin da ya yi kada a zubar sai an auna. Akwai kuma allurar da ke sa shi fitsari, ita ta ɗaya hannun ake yi masa, don nas ta ce ba a haɗa ta da wancan a bututu ɗaya. Uwargida ta karɓi muƙamin da gaske. Na yi aiki da sufetocin makaranta iri-iri, ban ga wanda ya kai ta tsanani ba.

“Kanka na ciwo?”

“A'a.”

“Jiri fa?”

“Ke ce jirin.”

“Nas, ya ce ba ya jin komai, amma baki ya dawo.”

Baki ya dawo kuwa. Zuwa washegari ƙafafu sun saɓe, fata ta yi tamoji, idon sawun da muka daɗe ba mu gani ba ya leƙo. Ya yi taimama ya yi sallah a zaune, wayoyi na reto a ƙirjinsa, bai yanke Fatiha don neman numfashi ba. Sannan ya ce yunwa yake ji. Aka samo tuwon masara da miyar kuka marar gishiri, ya ci yana zagin miyar har ya cinye. A daidai lokacin ne wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwar hatsi da ya kawo kaya Kaduna, ya shigo dubiya. Ya tarar da mutumin da aka fitar daga gari ranga-ranga yana suɗe yatsa yana yi wa matarsa faɗa. Ya yi hamdala, ya yi addu'a, ya fita yana laluben waya a aljihu. Kafin la'asar Birnin Gwari ta san yayana ya ci tuwo.

Ni ma na yi murna, har na karɓo tabarau daga jaka. Da yamma likita ta kira ni baranda. Ta ce maganin ya yi abin da ake so, amma hoton zuciyar da suka ɗauka bai yi mata daɗi ba, naman zuciyar ya saki ƙwarai. Gobe za su fara rage maganin a hankali. Akwai waɗanda ƙwayoyi ke riƙewa bayan haka, su koma gida su yi shekaru, kuma za ta yi duk abin da ta sani don ya zama cikinsu, amma ba za ta yi mini alkawari ba.

“Abin da kake gani yanzu, Malam, ƙarfin maganin ne. In akwai wanda ya kamata ya gan shi yana magana, yanzu ne lokacin.”

Ta Kutemeshi ta riga ta kira ni ba sau ɗaya ba. A can sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis, don haka duk kiranta da iska a ciki. Tambayarta ɗaya ce: “Baffa, in taho?” Tahowar na nufin babur daga Kutemeshi zuwa gari, a kwana, sannan motar Kaduna ta cikin daji, da jariri a baya. Na ce ta jira in ji daga likita. Ga shi na ji.

Na koma na zauna a bakin gado. Uwargida ta fita wanke kwano. Na fara kewaye-kewaye irin namu na malamai, da gabatarwa da shimfiɗa, ya katse ni.

“Ta gaya maka abin da na riga na sani. Faɗi abin da ke bakinka.”

“Yaya, ina ganin a ce wa ta Kutemeshi ta zo.”

Ya ɗaga kai ya dubi allon da ke zana bugun zuciyarsa, tunda babu akuya.

“Da goyo.”

“Da goyo. Ai ana rakiya.”

“Waɗanda muka yi wa jaje bara, su ma cewa aka yi ana rakiya.”

Na ce masa hakkinta ne. Na ce in ba ta zo ba kuma wani abu ya faru, abin zai zauna mata har tsufa. Na jero hujjoji yadda nake koya wa yara, ta ɗaya, ta biyu, da kammalawa. Ya saurara har na gama, abin da bai saba yi ba. Sannan ya miƙo hannu a hankali don kada ya ja bututun.

“Kira mini ita.”

“In gaya mata me?”

“Ban ce ka gaya mata ba. Na ce ka kira ka ba ni.”

Sai da na yi ta gwadawa kafin kiran ya shiga. Na ce mata, “Ga babanki,” na miƙa masa wayar. Ya gyara zama, ya ja numfashin da shekaranjiya ba shi da shi, ya yi sallama da muryar da yake kiran ma'aikata da ita daga wancan gefen gona. Mutumin gadon kusa ya waiwayo.

Ko a ranar bai kira sunanta ba. “Ke ce?” ya ce. Ya tambayi mijinta, ya tambaya ko jariri ya fara zama, ya tambaya ko sun cire gyaɗa. Ya ce kada su bar ta a ƙasa ruwan ƙarshe ya same ta. Ya ce shi lafiya lau, yanzu ya tashi daga kan tuwo, miyar asibiti ce kawai ba ta da mutunci. Na ji dariyarta ta fito daga wayar, da kuka a ciki.

“Ki saurara,” ya ce. “Ban yarda ki hau hanyar nan ba. Kin ji ko? Ki zauna ki kula da yaron. In na dawo kya zo gida ki gaishe ni kamar yadda aka saba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Allah ya yi miki albarka.”

Ya miƙo mini wayar ya koma ya jingina. Layin da ke allo ya yi ta tsalle har nas ta zo ta duba, ta ce Baba a rage hira. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Uwargida na tsaye a ƙofa da kwano a hannu, ban san tun yaushe ba. Ita ma yarinyar 'yar farinta ce, ita ma kunyar nan ta ɗaure mata baki. Ta ajiye kwanon, ta matso, ta tambaye shi ko kansa na ciwo.

Na fita baranda na sake kiran yarinyar. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce maganin na ɗan lokaci ne, gobe za a fara ragewa, likita ba ta yi alkawari ba, kuma ni a ganina ta zo.

“Baffa, na ji muryarsa fa.”

“Muryar magani kika ji, 'yata.”

“An ce ya ci tuwo. Wanda ya gani da idonsa ne ya faɗa.”

“Ya ci. Amma ki fahimce ni...”

“Baffa.” Ta katse ni. “Tun da nake a duniya bai taɓa kirana ba. Yau ya kira ni ya ce abu ɗaya. In taho in shigo masa ɗaki in ce masa me? Ban ji ba?”

Na yi magana da mijinta, mutumin kirki. Ya ce shi ba zai hana ta ba, amma ba zai ɗora matarsa da ɗansa a hanyar da surukinsa ya haramta da bakinsa ba, alhali mutum yana zaune yana cin abinci. Suka ce a bari a ga mako mai zuwa.

Washegari aka fara rage maganin kaɗan-kaɗan, ana duba allo ana ɗibar jini. Da aka cire na'urar Uwargida ta bi ta da kallo har aka fita da ita, ita da ta zarge ta da rowa. Ƙwayoyi suka riƙe shi da farko, har ya taka zuwa taga ya leƙa ya ce Kaduna ba ta da ƙasar noma. Sannan ya fara barin rabin kunu. Sannan matasan kai suka dawo bayansa.

Uwargida ta tare likita a ƙofa ta durƙusa mata, matar da ta isa ta haife ta.

“'Yata, a dawo masa da abin nan. Ko ku sayar mana mu tafi da shi. Akwai mai kemis a unguwarmu, ya iya sa allura.”

Likita ta ɗago ta, ta zaunar da ita a benci ta zauna kusa da ita. Ta ce wannan magani ba ya fita daga asibiti, domin sa allurar shi ne ƙaramin aikin, babban aikin shi ne kallon: allon nan, da awon jini, da gwajin gishirin da ke cikin jini, da mutumin da ya san abin yi in bugun ya karkace. A gida, a rataye a ƙusa, zai iya riga ciwon ɗaukar sa. Maganar mayar da shi a nan kuma sun duba. Jininsa ya yi ƙasa, bugun ya fara tsallake, ƙoda ta ja baya, yanzu cutarwarsa za ta fi amfaninsa. Akwai sauran abubuwan da za su yi don numfashi ya yi masa sauƙi, kuma za su yi.

“Ashe aro ne,” in ji Uwargida.

“Aro ne, Mama. Na faɗa tun farko, amma na san ba ranar ake jin sa ba.”

Na tambaye shi ko in sake kiran ta Kutemeshi. Numfashi bai bar shi ya yi dogon zance ba, ya girgiza kai. Can daga baya ya yafito ni, na kai kunne.

“Kada ta ji... wannan muryar.”

Ban ba shi wayar ba, amma na kira ta daga baranda na gaya mata inda ake. Wannan karon ba ta tambayi kowa ba. Ta goya ɗanta ta hau babur, ta iso gari da niyyar ta kwana ta bi motocin safe. Ya rasu bayan la'asar ɗin ranar, Uwargida na riƙe da hannunsa, tana kallon wurin allura kamar yadda aka koya mata. A Kaduna aka yi masa sutura, domin ba a ajiye gawa jiran rakiya. Mutanen da ba su san ko dawa yake nomawa ko masara ba suka yi masa sallah, sahu mai kyau, Allah ya saka musu.

Da muka koma gida na same ta a tsakar gida tana tankaɗe garin tuwon masu makoki, jaririn na barci a bayanta. Ta ajiye rariya ta durƙusa ta gaishe ni da hanya. Ba ta tambaye ni yadda ya cika ba. Ta ce, “Baffa, mun cire gyaɗar.” Na ce madalla.

A zaman makoki an yanke wa asibiti hukunci ba tare da an kira shi kotu ba. Mutum ya tashi ya ci tuwo, in ji masu ta'aziyya, sai aka cire masa maganin da ke masa aiki, wane irin likitanci ne wannan. Na yi bayani ga na farko da na biyu, da misalai, na ce ba cirewar ce ta kashe shi ba, an cire ne a lokacin da ya kamata, kuma likita ta faɗa mana komai tun rana ta farko. Suka ce haka ne, Malam, suka juya suka maimaita wa na kusa da su abin da suka zo da shi. Daga baya na bari. Na koma ina amsa “Allah ya ji ƙansa” da “amin”, wanda shi ne kaɗai darasin da ake buƙata a tabarmar.

Abin da ban faɗa wa kowa a wurin ba shi ne a cikinmu duka shi kaɗai ne bai ruɗu da maganin ba. An ba shi ƙarfin kwana biyu, an gaya masa na aro ne, ya duba abin da zai yi da shi, ya zuba shi gaba ɗaya a kira ɗaya don ya tsare 'yarsa da jikansa daga hanyar daji. Na sha auna wannan a raina. Wata rana in ga babu abin da uba zai yi da ya fi haka. Wata rana in tuna ta a durƙushe kusa da rariya.

A rana ta uku direban da ya kai mu Kaduna ya zo ta'aziyya. Bayan an shafa addu'a wani dattijo ya tambaye shi labarin hanya, don a samu abin faɗa. Ya ce alhamdu lillahi, tun ranar da ya kai mu ba a tare kowa ba. Duk motar da ta tashi daga Birnin Gwari a kwanakin nan ta isa Kaduna lafiya.